Sunan Mamuda a Bakin Inna

Ni sunana ya sha wahala a bakin Inna. Tun da safe take fara shi: Ummusalma ɗebo ruwa, Ummusalma akuya ta kwance, Ummusalma wa ya bar murfin tukunya a ƙasa. Idan tsawonsa ya gajiyar da ita sai ta yanke shi ta ce Salma. Yayana Mamuda kuwa, wanda shi ne ɗan farinta, bai taɓa jin nasa daga bakinta ba. Idan za ta yi mana maganarsa sai ta ce "yayanku". Idan da baƙi take magana ta ce "na wajen Dudunni", don can ya yi ƙuruciyarsa a hannun kakarmu. Idan shi ne a gabanta, sai ta dubi wani wuri ta ce "kai". Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai a Kusada. Haka uwarta ta yi, haka maƙwabta suke yi, kuma macen da ta kira sunan ɗan farinta gatsau ita ake yi wa kallon marar ta-ido.

Mamuda ya dawo gidanmu bayan rasuwar kaka, yaro mai shiru wanda kunnensa ya fi bakinsa aiki. Duk abin da ya samu sai ya ƙwanƙwasa ya ji: galan, bayan ƙwarya, ƙyauren ɗaki, har kan ƙannensa. Babanmu, Malam Ayuba, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana kuma noma gonarsa ta hanyar Mawashi. Ya tura shi sakandare a Kankiya da fatan wata rana ya same shi a bayan tebur sanye da hula mai kyau. Mamuda ya gama da ƙyar, sannan ya maƙale a bakin tasha, a wata rumfa da ake cajin waya ana tura wa mutane waƙoƙi a memori. A rumfar akwai wata tsohuwar kwamfuta, a cikin kwamfutar kuma wani ya bar manhajar haɗa kiɗa. Shi ke nan, tebur da hula suka bi iska.

Ni ban san sana'ar ba, amma na ga yadda yake yi, don lokacin da nake makaranta a Kankiya nakan biya wajensa in karɓi saƙo. Zai ɗauki sauti da waya ko da makirfo, ya zuba a kwamfuta, sautin ya fito a allo kamar zanen duwatsu. Sai ya yanke inda yake so, ya jera guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wannan, ya danne wancan, ya maimaita har mai sauraro ya ji kansa na ciwo. Daga baya ya kama wani ɗaki a bayan shagon tela, ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa, ya ce situdiyo ne. Janareton ma sai da ya saya masa doguwar waya ya kai shi can bayan gida, don kada ƙararsa ta shiga aiki.

Ayyukan farko ba abin alfahari ba ne. Waƙar amare ce ake kawowa, a canza sunan amarya da na ango a bar sauran yadda yake. Sai 'yan siyasa idan kaka ta yi, sai ɗaliban Islamiyya masu walimar sauka. Yana yi yana tsaki, amma yana yi. Abin ya sauya ne da ya haɗu da Sada, wani dogon saurayi ɗan Kankiya wanda bakinsa ba ya hutawa. Sada gambarar zamani yake yi, irin wadda ake zubo magana a guje a kan kiɗa. Yana waƙar rashin aiki, da takin da ba ya isowa sai an gama noma, da 'yan matan da suka raina mai babur. Muryarsa ba wani daɗi gare ta ba, in faɗi gaskiya. Abin da ya ɗaga shi kiɗan da ke ƙarƙashinsa ne.

Kowa a lokacin fiyano yake dannawa, kiɗa ya fito iri ɗaya da na kowa. Mamuda kuwa sai ya hau babur ya tafi Dudunni ya ɗauko luguden mata a bakin turmi. Ya ɗauko injin niƙa lokacin da yake shirin mutuwa, ya ɗauko faɗuwar guga a rijiya, da ƙarar da babur yake yi idan an buga shi bai tashi ba. Waɗannan yake yankawa ya haɗa da gangar kwamfuta mai girgiza ciki. Mutumin ƙauye zai ji ya rasa me ya sa abin yake masa kama da gida, ɗan birni kuma ya ji abin da bai taɓa ji ba. Cikin ɗan lokaci 'yan acaɓa suka ɗaure waƙoƙin a lasifikar baburansu, daga Kankiya zuwa Kusada ba abin da kake ji sai su.

Sai aka fara yi masa sata. Wata rana aka turo masa kiɗansa sukutum daga Kano, wani mawaƙi ya hau kai, ba a ambaci Mamuda ko da wasa ba. Sada ya ce laifin Mamuda ne, don duk mai haɗa kiɗan da ya san ciwon kansa yana da abin da suke kira tag: wata gajeriyar murya da ke faɗin sunansa a farkon kowane kiɗa, yadda ko an sace, sunan zai bi ɓarawon. Mamuda ya yarda. Ya gwada muryar Sada, ya ce ta yi hayaniya. Ya gwada ta wata mai karanta sanarwa a rediyo, ya ce ta yi ofis. Ya gwada irin ta na'ura mai Turanci, shi da kansa ya yi dariya ya goge. Har ni sai da ya tsayar a gaban makirfo, na faɗa masa sunansa har na gaji, ya saurara ya ce na gode.

Ranar ce, yana naɗe waya bai dube ni ba, ya ce in tambayar masa Inna ko za ta faɗa sau ɗaya. Na yi dariya, don na zaci wasa yake yi. Na ce ai gara ya ce in tambayo masa ita ko za ta hau babur ta yi acaɓa.

"Ke kin san yadda sunanki yake a bakinta," in ji shi. "Ni ban san nawa ba."

A nan na gane ba maganar ɓarayin Kano ake yi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ƙato ne mai gemu, kuma ba shi kaɗai ne ɗan fari a duniya ba. Inna ba ta taɓa rage shi da komai ba. Idan aka yanka kaza, cinyar tasa ce ko yana Kankiya, a ƙulle a ba direba. Idan ya yi zazzaɓi ita ce ba ta cin abinci, sai dai ba za ta leƙa ɗakin ba, ni za ta tura. Duk ya san wannan. Abin da yake so daban ne, kuma mutumin da duk rayuwarsa a kunne take ba a lallashinsa da cinyar kaza.

Na tambaye ta, tunda na yi alkawari. Tana tankaɗe, na zagaya na zagaya sannan na faɗa. Ta dakata, ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, ta ce in je in duba ko kaji sun shiga shanya. Amsar ke nan, na kai masa ita yadda take.

Bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya yawaita zuwa gida. Duk zuwan da zai yi sai ya ajiye wayarsa a kan katangar madafa, ya ce sautin daka yake ɗauka. Inna ta saba da haukarsa, ba ta kula ba. Tana aikinta tana faɗa da awaki, tana ba maƙwabciya labari ta kan katanga, tana kirana. Wayar tana kwashewa. Ni ma ban kawo komai a raina ba, don mutumin da ya taɓa bin jaki da makirfo ba a tambayarsa dalili.

Abin da ya yi da waɗannan maganganu, daga baya muka sani. Ya zauna ya tsefe su gaba ɗaya. Ya ciro farkon sunansa daga wata kalma da ta faɗa tana maganar masara, ya ciro tsakiyar daga wani labarin biki, ƙarshen kuma daga faɗan da ta yi wa akuya. Ya manna su, ya goge gaɓar, ya daidaita hawa da saukar muryar har ta zauna. Sada ya ce da aka kunna masa sai da tsikar jikinsa ta tashi: tsohuwa ce sak, cikin natsuwa, kamar tana kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Ya ce Mamuda ya yini yana kunna wannan guntun shi kaɗai, ba kiɗa ba komai. Da a nan ya tsaya, da ba wanda ya ji labarin. Amma mai sana'a idan ya yi abu ya yi kyau, ba ya iya ɓoye shi. Ya ɗora muryar a farkon sabuwar waƙar Sada, suka ba masu turi a tasha.

Mu a Mawashi abin ya same mu, a gidan suna. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon tuwo, 'yan mata sun haɗa waya da lasifika a gindin ɗaki. Waƙa ta ƙare, wata za ta fara, aka ɗan yi shiru, sai muryar Inna ta cika gidan: "Mamuda." Sannan lugude ya shigo.

Ba wadda ba ta gane muryar ba. Inna tana zaune a kan tabarma da kwano a gabanta, bakinta a rufe, ga kuma muryarta tana fitowa daga akwati. Gwaggo Rahma, ƙanwar Baba, wadda dama abokiyar wasanta ce kuma ba ta raga mata, ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Ku taya ni ji, jama'a. Yau Halimatu ta kira ɗan hwari, kuma a lasihika."

Aka kwashe da dariya. 'Yan matan suka mayar da waƙar farko, don waɗanda ba su ji ba su ji. Inna ta ce wallahi ba ta taɓa faɗa ba. Wannan rantsuwar ita ta ƙara ɓata lamarin, don kowa ya ji da kunnensa. Wata tsohuwa ta ce ai ba komai, zamani ne, amma a daina rantsuwa a kan abin da yake a fili. Na ga fuskar Inna a lokacin. Tsokana tana iya ɗauka, ta sha ɗauka. Amma a ce ta yi rashin kunya, sannan a ce ta yi ƙarya da sunan Allah a gaban dangin miji, wannan bai taɓa samunta ba. Ta ja mayafinta ta fita, ta bar kwanon a nan. Na bi ta na tare mana acaɓa. Ba mu yi nisa ba ɗan acaɓan ya kunna lasifikarsa, muryar ta sake kiran sunan a bayan kunnenta. Ta taɓa kafaɗarsa ya tsaya, muka sauka, muka ƙarasa Kusada da ƙafa.

Baba ya aika aka kira Mamuda. Ya zo da kwamfutarsa a jaka, ya buɗe ta a zaure, a gaban Baba da ƙanensa Malam Ishaq mai makarantar allo, ya nuna musu yadda ya yi. Ya kunna maganar masara, ya kunna ta biki, ya kunna ta akuya, ya nuna inda ya yanka. Ina leƙe ta bayan ƙyaure, kuma na rantse har a lokacin akwai ɗan alfahari a muryarsa, irin na wanda yake jiran a ce kai, wannan aiki ya yi. Malam Ishaq ya ce a taƙaice dai ya sa wa mahaifiyarsa maganar da ba ta yi ba, ya kuma kafa mata shaidu. Baba bai yi dogon faɗa ba. Ya ce ya je ya kwaso abinsa daga duk inda ya kai shi.

Ya gwada, wannan kam ba a hana shi ba. Ya bi rumfunan masu turi a Kankiya ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su goge, ya ba su wadda ya cire wa muryar. Suka karɓa suka ce to, suka ci gaba da tura tsohuwar, don ita mutane suke tambaya. Ya je Charanchi, ya je Ingawa. Kafin ya dawo an kira shi daga Maraɗi ana yaba masa. Waƙar da ta shiga memori ta wuce daga waya zuwa waya ba ta da mai ita kuma. Malam Ishaq ya yi wa matan dangi bayani cewa haɗi ne na na'ura, wasu suka yarda, wasu suka ce na'ura ba ta ƙirƙiro abin da ba a faɗa ba. Gwaggo Rahma ta zo ta ba da haƙuri, tana bayarwa tana danne dariya.

Inna ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ba ta kai ƙararsa wajen kowa ba. Abin da ta yi kawai, ta daina magana idan yana cikin gida. Da ta ji sallamarsa sai ta tsuke bakinta, ko tana tsakiyar zance. Zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da ka. Idan akwai abin faɗa, sai ya fita ta faɗa mana. Ko akuya ba ta yi wa tsawa sai ta tabbata ya bar unguwar. Ya rantse mata ba ya ɗaukar komai, ya nuna mata wayar a kashe, ta dubi wayar ta dubi hannunsa ta ci gaba da abin da take yi. A waya ma ba ta karɓarsa. Cinyar kaza dai ba ta fasa zuwa Kankiya ba. A da yana da "kai" da "an zo lahiya", yanzu su ma ya rasa, kuma na san abin yana cinsa, don na ga yadda yake daɗewa a zaure kafin ya yi sallama, yana sauraron ta tana magana da mu.

Abin haushin shi ne wannan muryar ce ta yi masa suna. Mawaƙan Kano da Kaduna suka fara nemansa, kowa yana son kiɗan yaron nan da tsohuwa take kira. Idan ya shiga taro, samari sai su kwaikwayi muryar su kira shi da ita, shi kuma ya yi murmushin dole. Ya koma Kano, ya buɗe situdiyo na gaske mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Ya yi wa 'yan gambara kiɗa, ya yi wa 'yan fim, ya yi na tallan sabulu. An kai shi Abuja da Yamai ya tsaya bayan na'urori a gaban jama'a yana murɗa maɓallai. Shi da Sada suka ɓata a kan wanda ya ɗaga wani, suka shirya, suka sake ɓatawa, Sada ya koma sayar da kayan babur. Masu ba shi aiki sun sha roƙonsa ya sa musu muryar a farkon waƙa, ya ƙi. Bai kuma sa wata a madadinta ba. Duk kiɗan da ya yi bayan nan da ɗan shiru yake farawa, daidai tsawon sunan, kuma ɓarayi suka ci gaba da sha'aninsu hankali kwance.

Ya auri wata 'yar Kano mai suna Ulfa, mai kirki, mai yawan tambaya. Ita ta kasa gane lamarin gidanmu, ta ce a wajensu an daina wannan tun tuni. Da suka haifi 'yar fari ya sa mata sunan Inna. Sai ga shi shi ma ba ya iya kiran yarinyar da sunanta, Ummi yake ce mata, don bakinsa ba zai ɗauki sunan mahaifiyarsa gatsau ba. Na ce masa to malam, a kawo makirfo mu haɗa maka? Bai yi dariya ba, ni kuwa na yi, don na daɗe ina jiran ranar.

Shekaru suka tafi a haka. Na yi aure a Kankiya, Baba ya yi ritaya ya koma gona gaba ɗaya, Inna ta fara jan ƙafa. Waƙar ta tsufa, amma ba ta mutu ba. Takan ɓullo a gidan biki ko a rumfar mai shayi, wajen waɗanda ba su san ma muryar wace ce ba.

Bara da kaka, bayan an shigo da wake, na je gida yini, shi ma ya zo daga Kano. Ya fito da wata sabuwar al'ada a 'yan shekarun nan. Idan ya iso zaure sai ya zube wayoyinsa a faranti a gaban Baba, ya cire agogo, ya ajiye makullin mota, ya zazzage aljihunsa, sannan ya shiga. Ba wanda ya sa shi. Inna ta sani, don Baba ya faɗa mata, amma hakan bai buɗe bakinta ba.

Muna zaune a inuwar ɗaki da hantsi, ni da Inna muna ɓarar wake, shi yana gefe a kan turmin da aka kifar, ya gaishe ta ta amsa da ka. Ni kaɗai nake surutu, ina ba da labarin maƙwabtana. Sai wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida sauke fasinja, lasifikarsa a kunne. Waƙa ta ƙare, aka yi ɗan shirun nan, muryar ta tsallako katanga ta faɗi sunan. Lugude ya biyo baya, babur ya tashi ya tafi da abinsa.

Na saci kallonsu. Mamuda ya sunkuyar da kai, na ga gumi a wuyansa. Inna ba ta daina ɓarar wake ba. Ta ɓare ɗaya, ta ɓare wani, ta watsar da ɓawon, sannan ta yi magana, idonta a kan faifai, muryarta ta ɗan dushe saboda tsufa.

"Ummusalma, ki hwaɗa ma yayanki, ba haka nike hwaɗin shi ba."

Ban faɗa masa ba, tunda yana nan. Ya ɗago kai, bakinsa ya buɗe, na ga tambayar ta zo masa har leɓe. Ya dubi Inna, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ita kuwa ta tura mini faifan ta ce in sheƙe, ta ce kuma a zuba wa yayana fura kafin ta yi tsami. Daga nan ta ci gaba da magana kamar ba a taɓa dainawa ba, ta yi faɗan kaji, ta tambayi lafiyar Ummi ta bakina. Shi dai yana zaune a kan turmi, furar tana hannunsa bai sha ba.

Da la'asar ya rage mini hanya zuwa Kankiya. Mun wuce gonakin bakin gari, rediyon motar a kashe. Can ya tambaye ni ko na taɓa jin ta faɗi sunansa. Na ce ban taɓa ba. Abin da na sani kawai, Inna tana daɗewa a kan sallaya bayan ta idar, leɓenta yana motsi, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya, amma ba a jin sauti. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce in maimaita masa abin da ta ce ɗazu, daidai yadda ta faɗa. Na maimaita. Ya ce a'a, ba haka ta ja ƙarshen ba, in sake. Na sake, ya ce ban samu ba. Na ce to ni ba kwamfuta ba ce, shi da yake da kunne ai ya ji da kansa.

Ya ce ya ji. Ya rage gudu ya ba wata amalanke hanya, sannan ya ce shi ma kansa ya fara tantamar yadda ta ja shi. Wannan mutum ya ɗauki guga, ya ɗauki jaki, ya ɗauki injin niƙa na Dudunni, duk suna nan a ajiye a Kano. Lokacin da Inna ta yi maganar, wayoyinsa suna cikin faranti a zaure.